Ciwon da Aka Raɗa wa Suna a Waya

Murna ba ta kai ga yin arba'in ba numfashi ya fara gagararta. Haihuwarta ta biyu ce bayan 'yarta Uwa, ɗa namiji da aka sa wa suna Mika, don haka ba ta tafi gida wanka ba. A ɗakinta ta yi jego, a gidan mijinta Istifanus da ke Ƙarfi. Surukarta Mairamu, wadda kowa a gidan ke kira Inna, ita ke dafa ruwan wanka safe da yamma, ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa mata har jiki ya yi jawur, sannan ta miƙo kwanon kunun kanwa ta tsaya a kanta sai ta ga ƙarshensa.

Da farko a wurin wankan abin ke zuwa mata. Da tururi ya taso sai ta ji kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji. Daga baya ya zama ko tsakar gida ta share sai ta dafa bango tana haki. In ta kwanta rigingine tari ya tashe ta, sai ta koma barci a zaune, jingine da bango. Zuciyarta kuma ta riƙa bugawa fat-fat, ba ta yi gudu ba, ba wanda ya tsorata ta.

Istifanus ya lura. Manomi ne mai ƙoƙari, ya yi sakandare, kuma ba abin da ya ƙi kamar a ɗauke shi baƙauye. Ya ce mata ranar kasuwar Malumfashi zai ɗauke ta a babur su je asibiti a duba ta. Ya faɗa da gaske, sai dai kaka ta kama, masara ta bushe a gona, ga auduga ta fara fashewa, ga 'yan ƙwadago ya riga ya yi magana da su. Duk sanda zancen asibitin ya taso sai a ga fuskarsa ta ɗan yamutse.

Ana gobe kasuwar, Murna tana zaune a bakin ƙofa tana ba Mika nono, tana latsa wayar da yayanta Adam ya saya mata. Sai bidiyon wata mata ya faɗo. Matar na sanye da farar riga da tabarau, muryarta mai sanyi, tana kiran kanta Dakta Kwanciyar Hankali. Ba ta faɗi asibitin da take aiki ba, ba ta faɗi garin da take ba.

"'Yar uwata," in ji matar, "kina jin zuciyarki na bugawa da ƙarfi? Kina jin numfashinki na sarƙewa? Barci ya ƙaurace miki? Kina jin kamar mutuwa za ki yi? To saurara da kyau. Jikinki lafiya lau yake. Ciwon fargaba ne, wanda Turawa ke kira anzayati. A tunaninki yake, kuma ke ce likitar kanki."

Murna ta kalla, ta sake kalla. Kowace alama da matar ta ambata tana da ita. Hawaye ya zubo mata, amma na samun sauƙi ne. Kwanakin nan duk tsoro ya cika ta kada a ce iska ce ta shafe ta, kamar yadda aka ce da wata mai jego a unguwarsu, wadda aka yi ta yawo da ita daga wannan mai addu'a zuwa wancan har yara suka fara gudunta. Ashe abin yana da suna. Ashe mata ne birjik suke fama da shi, ga su nan a ƙasan bidiyon suna rubuta, ni ma haka, ni ma haka.

Da Istifanus ya dawo daga gona ta miƙa masa wayar tun bai wanke ƙafa ba.

"Baban Uwa, dubi wannan. Wallahi kamar ta shiga jikina ta gani."

Ya kalla har ƙarshe yana gyaɗa kai. Ya yi ajiyar zuciya mai ƙarfi.

"Ikon Allah. Kin ga amfanin ilimi ke nan. Da a da ne, da yanzu an ce aljanu. To ai kin hutar da mu, ashe ba ciwon asibiti ba ne."

Washegari ya tafi gona da 'yan ƙwadago. Ba a je Malumfashi ba.

A makon nan Angela ta dawo hutu. Ƙanwar Istifanus ce, tana karatu a wata kwaleji a Funtuwa, kuma ita ce idon gidan a kan duk abin da ya shafi zamani. Da aka ba ta labari sai ta tafa hannu.

"Ai na san Daktan nan, Anti Murna! Rabin 'yan ɗakinmu a makaranta suna da anzayati. Ni ma ina jin ina da ɗan kaɗan. Bari ki gani, ni zan kula da ke."

Ta kuwa kula da ita, iyakar yadda ta fahimci kulawa. Ta bi bidiyoyin matar ɗaya bayan ɗaya ta tsamo dokoki. Mai wannan ciwo ta riƙa shan ruwa da yawa, ko ba ta jin ƙishirwa. Ta riƙa motsa jiki, don zama wuri ɗaya abincin fargaba ne. In numfashi ya sarƙe ta rufe ido ta ce wa kanta, ba komai ba ne, zai wuce. Babbar dokar kuma ta mutanen gida ce: kada a lallaɓa ta, kada a nuna mata tausayi da yawa, don lallaɓawa ke sa ciwon ya samu wurin zama.

Wannan doka ta ƙarshe ta yi wa Inna daɗi ƙwarai. Ita ba ta yarda da wani anzayati ba, a wurinta raki ne da son jiki irin na 'yan matan yanzu, amma tunda maganin ɗaya ne ba ta ga abin jayayya ba.

"Takwas na haifa," in ji ta, "ban taɓa jin haihuwa ta hana mace daka ba. Tashi ki kama aiki jini ya gudana."

Aka mayar wa Murna da girkin 'yan ƙwadago. Babbar tukunya, itace ɗanye, hayaƙi na cika madafi. Ta tuƙa tuwo ta tsaya ta huta, ta sake tuƙawa ta tsaya. In an gama Inna ta ɗora mata kwando a ka, Mika a baya, ta bi hanyar gona. Hanyar da a da take yi tana waƙa, yanzu sai ta zauna a gindin kowace ɗorawa ta jira ƙirjinta ya lafa. Tana rufe ido ta ce, ba komai ba ne, zai wuce. Wani lokaci yana ɗan wucewa, sai ta ce lallai Dakta ta yi gaskiya. In bai wuce ba sai ta ga laifin kanta, ta ce ita ce ba ta iya kwantar da hankalinta ba.

Sai ƙafafu suka fara kumbura. Silifas ɗinta ya daina shiga. Da safe fuskarta ta yi suntum, da yamma ƙafafun su yi kamar turmi. Ta nuna wa Angela. Angela ta duƙufa a kan waya na ɗan lokaci, ta ɗago da murmushi.

"Ga shi nan, wani ma ya yi bayani. Damuwa tana sa jiki ya tara ruwa. Kin ga alama ce kina yawan tunani, Anti. Me kike tunani ne haka?"

"Ba na tunanin komai, Angela. Numfashi kawai nake nema."

"To ai shi ke nan. Tunanin numfashin ne ke hana ki numfashin."

Inna kuwa ta ce kumburin jego ne, sanyi ne ya shige ta, ta ƙara wuta a ruwan wanka, ta ƙara kanwa a kunu.

Tun daga nan zuciyar Murna ta fara raya mata cewa an yi kuskure. Ta san fargaba. Ta yi fargaba ranar da 'yarta ta fari, Uwa, ta yi zazzaɓi har ta sanƙare, ta yi fargaba ranar da aka ce ɓarayin daji sun tare hanyar da mijinta ya bi. Waɗancan suna da dalili, suna zuwa su tafi. Wannan kuwa ko tana dariya yana nan, kuma kullum gaba yake yi.

Ta sami Istifanus a ƙofar gida yana ɗinke bakin buhunan masara. Ta jira har yaran da ke taya shi suka matsa, ta durƙusa da ƙyar.

"Baban Uwa, don Allah ka kai ni asibiti."

Bai ɗago ba. "Asibitin me kuma?"

"Ina jin ba abin da matar nan ta faɗa ba ne. Dubi ƙafata. Jiya da na yi tari har da ɗan jini-jini."

"Hayaƙi ne ya ƙona miki maƙogwaro." Ya ja zaren ya ɗaure. "Murna, wa ya kawo mana sunan ciwon nan gidan nan? Ni ne? Ke da kanki kika miƙo mini waya kika ce kamar ta shiga jikinki ta gani."

"Na faɗa. Amma yanzu..."

"Kuma ba ki ji abin da ta ce ba? Ta ce masu wannan ciwon kullum cewa suke a kai su asibiti, a je a yi ta gwaje-gwaje ba a ga komai ba. Ta ce neman asibitin ma yana cikin alamomin. Kin ga kuwa yanzu kin ƙara tabbatar da maganarta."

Murna ta dube shi. Ta rasa ta inda za ta ɓullo. In ta ce tana jin ciwo, ciwon ne ke magana. In ta yi kuka, ciwon ne. In ta nemi likita, shi ma ciwon ne. Ba wata kalma da ta rage a bakinta da za a karɓa a matsayin tata.

Ya ga yadda ta yi, sai ya sassauta murya. "Ki yi haƙuri mu gama kwashe amfanin nan. In an gama, abin bai tafi ba, sai mu gani. Ni ma ai ba na jin daɗin ganinki haka."

Da Inna ta ji an yi zancen asibiti, sai ta same ta har ɗaki.

"Ke yanzu so kike a kai ki a ce musu me? A ce kanki ne ba daidai ba? Su rubuta takarda su tura ki wurin masu taɓin hankali? Gobe duk Ƙarfi a ce akwai hauka a gidan Mairamu? Ga Angela mutane sun fara zuwa gaisuwa a kanta. Ki rufa mana asiri, ki rufa wa kanki."

Ranar Lahadi Murna ba ta iya zuwa sujada a coci ba. Da yamma matan zumunta suka zo duba ta, su biyar ko shida, da sabulu da ɗan gero. Suka same ta a zaune kan tabarma, baki buɗe, kafaɗu na hawa da sauka. Angela ta tare su da bayani, da sunan ciwon na Turanci da komai, har ta kunna musu bidiyon. Suka kalla, suka jinjina kai, suka kama hannu suka yi addu'a Ubangiji ya kori ruhun tsoro daga baiwarsa. Wata dattijuwa a cikinsu ta daɗe tana kallon ƙafafun Murna, ta ce a hankali, da dai an kai ta an duba. Inna ta ce ai ba yau ta fara jinyar mai jego ba. Dattijuwar ta bar zancen, don ba a shiga tsakanin suruka da matar ɗanta. Suka yi sallama suka tafi.

Da suka fita Murna ta ɗauki waya ta nemo lambar yayanta Adam, wanda ke tuƙa adaidaita a Funtuwa. Iyayensu sun rasu, shi ne madadin uba. Kira bai shiga ba, ba kati. Ta roƙi Angela ta ara mata tata.

"Ki ce masa me, Anti?"

"In gaishe shi."

Angela ta kai maganar wurin Istifanus. Bayan cin abinci Istifanus ya shigo ya miƙo hannu.

"Ba ni wayar nan. Dakta ta ce yawan riƙe waya na ƙara ciwon. Kuma ta ce a nisanta mai ciwon da mutanen da za su riƙa tsorata ta. In kika kira Yaya Adam da wannan muryar, tayar masa da hankali za ki yi a banza, ya zo nan ya ɗauka ba ma kula da ke. In kin warke zan ba ki abinki."

Ta ba shi. Ba ta da ƙarfin gardama, kuma duk gardamar da za ta yi an riga an san sunanta.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta ƙara zuwa gona ba, don ranar da ta gwada a bakin ƙofa ta zube, tuwo ya watse a ƙasa. Inna ta yi faɗan tuwon. Nono ya ragu, Mika ya riƙa kuka, aka ce damuwar uwar ce ta shiga nonon. Cikinta ya kumbura kamar mai sabon ciki. Ta daina iya gama magana ba ta yanke ta huta ba. Uwa, wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, takan zo ta zauna kusa da ita ta riƙa yi mata fifita da murfin kwano, sai kakarta ta kira ta, ta ce a bar lallaɓa ta.

Wata rana da hantsi abin ya taso mata da ƙarfi. Ta rarrafo ƙofar ɗaki tana neman iska, zufa na karyo mata, leɓɓanta sun yi duhu. Angela ta fito da gudu, ta tsaya, sannan ta ɗaga waya ta fara ɗauka.

"Angela... ruwa... a'a... kira..."

"Yi haƙuri Anti, rufe idonki. Dakta zan tura wa ta gani, ta ba mu shawara."

Ta tura. Dakta ba ta amsa ba. Da yamma Angela ta ga bidiyon ya fito da kyau, kuma ta ce a ranta mutane za su ƙaru da shi. Ta ɗora a shafinta, ta rubuta a sama: Halin da masu ciwon fargaba ke shiga, mu riƙa tausaya musu. Kafin gari ya waye mutanen da suka kalla sun fi duk wanda ya taɓa kallon wani abu nata. Wasu suka yi addu'a. Wasu suka ce su ma haka suke yi. Wasu suka ce aljanu ne, suka bar lambar waya. Mutum biyu ko uku suka rubuta cewa matar nan ba fargaba ke damunta ba, a kai ta asibiti yanzu-yanzu. Angela ta goge nasu, ta ce masu tsoratarwa ne, irin waɗanda Dakta ta yi gargaɗi a kansu.

A tashar Funtuwa wani abokin aikin Adam ya miƙo masa waya, suna jiran fasinja.

"Kai, wannan ba ta yi kama da ƙanwarka ta Ƙarfi ba?"

Adam ya duba. Bai gane fuskar ba da farko, saboda kumburi. Zanen ya gane, shi ya saya mata na fitar suna. Bai gama kallo ba ya tayar da adaidaitarsa.

Ya iso ana tsakar casar masara a ƙofar gida, inji na ruri. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba ya wuce ciki. Da Murna ta gan shi ta buɗe baki, magana ba ta fito ba, sai hannu ta miƙo. Ya durƙusa ya riƙe hannun, ya ji shi sanyi ƙalau.

Istifanus ya biyo shi yana kakkaɓe ƙaiƙayi. "Yaya Adam, sannu da zuwa. Ka kwantar da hankalinka, ba abin da kake zato ba ne. Ciwon fargaba ne, yana da..."

"Wane likita ya faɗa?"

"Akwai wata Dakta da..."

"Ta zo gidan nan? Ta taɓa ta? Ta sa abin awo a ƙirjinta?"

"Ita Murna da kanta ta..."

"Na ce ta taɓa ta?"

Inna ta fito daga madafi tana gyara ɗaurin zane.

"Adam, matar aure ce fa. Ba a shigo gidan mutane a ɗauki mace ba da izinin mijinta ba."

"To ga mijin nan, Inna. In ya isa ya hana ni."

Ba wanda ya motsa. Adam ya sunkuya ya ɗauki ƙanwarsa. Ta yi nauyi, nauyin ruwa. Tana kafaɗarsa ta waiwayo tana nuna ɗaki, inda Mika ke kwance. Inna ta riga kowa shiga, ta fito da yaron a hannu ta ja da baya.

"Jariri ba ya zuwa asibiti ya kwaso ciwo. Ku je ku dawo, yana nan."

Likitan da ya duba ta a Funtuwa bai daɗe ba ya gane. Ya sa aka maƙala mata robar iska a hanci, aka yi allurar fitar da ruwa, aka ɗauki hoton ƙirji. Sannan ya kira Adam da Istifanus, wanda ya biyo su a babur, ya nuna musu hoton.

"Zuciyarta ce ta kumbura ta gaza. Ruwa ya taru a huhu. Ciwo ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, kuma a yankin nan muna ganinsa sosai. Kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi da aikin ƙarfi duk suna ƙara masa nauyi. In an zo da wuri, da yawa suna tashi. Tun yaushe ta fara?"

Istifanus ya faɗi gaskiya, murya ƙasa-ƙasa. Ya ƙara da cewa sun ɗauka fargaba ce.

"Ciwon fargaba gaskiya ne, muna da masu shi, muna kuma yi musu magani," in ji likitan. "Amma sai an duba zuciya da huhu an ga lafiya suke kafin a kira shi da wannan suna. Wa ya duba ta?"

Likitan bai sake tambaya ba, yana da wasu marasa lafiya.

Ruwan ya ɗan sauka, har Murna ta iya magana a rana ta biyu. Ta nemi a kawo mata Mika. Istifanus ya ce gobe. Yana zaune a bakin gadon, ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya fara abin da ya saba.

"Murna, kin san dai ban yi da mugunta ba. Ke kika nuna mini..."

Ta ɗaga hannu kaɗan, ya dakata. Ta yi maganar a gutsure, tana hutawa tsakani.

"Na nuna maka. Sau ɗaya. Na yi kuskure. Amma Baban Uwa... sau nawa na ce ka kai ni asibiti? Me ya sa... ta farkon kaɗai ka ji?"

Ba ta jira amsa ba, ta juya fuska wajen taga.

Washegari Istifanus ya taho da Inna da jaririn a motar haya. Sun iso an riga an ja labule a gadon. Adam na zaune a ƙasa a baranda, ya haɗa kai da gwiwa.

An binne ta a Ƙarfi. A zaman makoki kowa ya sami abin faɗa. Inna ta ce kwana ne ya ƙare, ko a gaban likita aka haife ta sai ta tafi ranar da Ubangiji ya kira ta, kuma ita dai ba ta taɓa fashin dafa mata ruwa ba ko sau ɗaya. Angela ta sauke bidiyon, ta yi kuka har idonta ya kumbura, tana cewa ita taimako ta yi niyya, kuma ai ba don bidiyon ba da Yaya Adam bai sani ba. Istifanus ya riƙa gaya wa masu gaisuwa cewa ta yi fama da damuwa tun bayan haihuwa, daga baya abin ya taɓa zuciya. A haka labarin ya fi sauƙin faɗa, kuma a haka mutane da yawa suka tafi da shi. Adam ya ji sau ɗaya, ya miƙe a gaban maza ya ce ƙarya ne, ya faɗi abin da likita ya ce. Dattawa suka ce ya yi haƙuri, ba ranar wannan ba ce. Ya shiga adaidaitarsa ya tafi, bai ci abincin gidan ba.

Babu wanda ya doke Murna a gidan nan. Ba a hana ta abinci ba, ba a zage ta ba, kuma in ka tambayi maƙwabta za su ce gidan mutunci ne. An dai samu suna mai arha da ya dace da bukatar kowa. Ya bar maigida a gonarsa, ya bar uwar miji da tukunyarta da sunan gidanta, ya ba 'yar makaranta abin nuna iliminta. Matar da ta raɗa sunan ba ta san an yi wata Murna a duniya ba, kuma har yau tana nan da farar rigarta tana lissafa wa mata alamomi.

Bayan an share makoki da 'yan kwanaki, Istifanus yana ɗaura buhu a bayan babur da safe sai ya ji ƙirjinsa ya riƙe. Zuciyarsa ta buga da ƙarfi, zufa ta karyo masa, ya zauna a kan dakali yana dafe da ƙirji. Inna ta fito da Mika a baya, ta ga halin da yake ciki, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni! Ba a wasa da ciwon ƙirji! Angela, kira mai babur! Ku tafi asibiti yanzun nan!"

Angela ba ta buɗe wani bidiyo ba. Ta fita da gudu ba takalmi. Aka sauke buhun, aka bar awon masarar ranar, aka ɗora Istifanus a tsakiya ita tana riƙe da shi ta baya, suka nufi Malumfashi.

Likita ya auna jininsa, ya saurari ƙirjinsa gaba da baya, ya sa aka yi masa gwajin zuciya. Ya tambaye shi ko an yi masa rashi kwanan nan. Sannan ya ce masa zuciyarsa lafiya lau take, fargaba ce, ya ba shi magani ya ce ya dawo bayan mako biyu.

Da tafiyar, da layin ganin likita, da dawowar, duk sun gama kafin a kira azahar.